Ba Kowane Miki a Bakin Mahaifa Ne Ciwon Daji Ba

Da zarar likita ya ce sai an ɗan yanko nama daga bakin mahaifa an kai Sakkwato, hankalin gida ya tashi ke nan. Mace daga Boɗinga ko Shagari da ta daɗe tana ganin jini bayan kwanciyar aure, ko ruwan da ta ɗauka ciwon sanyi ne, sai ta yanke cewa daji ne. Wata ma daga ranar ba ta komawa asibiti.

Alhali naman da ake ɗauka bai fi ƙwayar shinkafa ba. A ɗakin gwaji irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ana tsoma shi a ruwan fomalin, a daskarar da shi cikin wani kaki na musamman, a yanka siriri, a rina, sannan a duba a madubin likita. Sau da yawa abin da ke fitowa daɗaɗɗen kumburi ne da ƙwayoyin cuta suka haddasa. Wani lokacin ɗan tsiro ne mai saurin zub da jini, wanda ake cirewa cikin mintuna, ko ƙululun majina da ko magani ba ya bukata.

Amma wanda ya fi damuna shi ne tsargiya. Mun saba jinta a fitsarin yara maza, mun manta da yarinyar da ke wanki da ɗiban ruwa a bakin madatsar Shagari ko tafkunan fadama. Tsutsar da ke haddasa ta tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fata, ta girma cikin jijiyoyin jini, ƙwayayenta su maƙale a bakin mahaifa. Wurin sai ya yi tabo rawaya-rawaya kamar an watsa rairayi, ana taɓawa ya yi jini. Ido kaɗai yana iya ɗaukarsa daji, madubi ne ke nuna ƙwan da ƙayarsa a ƙarshe. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan larura a Afirka kudu da Sahara.

Maganin praziquantel yana kashe tsutsar, sai dai tsohon tabo ba lallai ya goge ba, shi ya sa shan sa tun ƙuruciya ya fi amfani. Galibi kuma a makarantu ake rabon sa. Yarinyar da ke talla ko kai abinci gona, wadda ta fi kowa shiga ruwan, ita ce rabon kan wuce.