Ciwon ɓarin kai: rigakafi ba da ƙwaya ba

A watan Afrilu, in zafi ya wuce digiri 40 a Maradi, ɗan kasuwa a rumfarsa da ma'aikaci a biro sukan koka da ciwon ɓarin kai. Da yawa sukan ruga wurin masu tallar magani, alhali shan ƙwaya kwana 15 a wata na iya mai da ciwon na kullum.

Rigakafin kuwa a hannunmu yake: a tsayar da lokacin barci, kada a ƙetare abinci, a yawaita shan ruwa, a rage goro da shayi sannu a hankali. Mai bin hanyar Tsibiri ko gonakin Jiratawa da tsakar rana ya sa malafa.

Amma in ciwon ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, sai asibiti nan take. Ba mu manta da sanƙarau na 1995 ba.