Tabon rana da taguwar da ke hawa samansa: bayani da zaɓen kalmomi

1. Gabatarwa

Ran 29 ga Maris 2006 husufi ya rufe rana ɗungum a Maraɗi da Katsina. A Dogon Kiriya wani sashe kawai ya rufe. Inda ta rufe duka, an ga farin haske kewaye da ita. Shi muke kira rawanin rana (couronne). Zafinsa ya wuce digiri 1.000.000, alhali fuskar rana ba ta wuce wajen 5.500 ba. Yaya zafi zai ƙaru in an nisanci murhu? Malamin da ke koyarwa da Hausa na bukatar kalmomin amsa wannan tambaya.

2. Tabo da zare

Tabon rana (tache solaire) wuri ne da ya fi kewayensa sanyi, shi ya sa yake bayyana baƙi. A 1908 George Hale ya gano cewa akwai maganaɗisu mai ƙarfi a cikinsa. Ƙarfin nan na fita daga tabon ya miƙe sama kamar zaruruwa. A 1942 Hannes Alfvén ya nuna cewa motsi na iya bin waɗannan zaruruwa, kamar yadda tsirkiyar gurmi ke kaɗawa in an taɓa ta.

3. Yadda taguwa ke hawa

Fuskar rana na bugawa kusan kowane minti 5. A tsakiyar tabo, inda zaren ke tsaye, wannan bugu mai jinkiri ba ya iya hawa. Na minti 3 ne ke wucewa. A gefen tabo kuwa, inda zaren ya karkata, nauyi ba ya danne motsin sosai, sai na minti 5 ma ya samu hanya. Can sama iska ta yi shara-shara, taguwar ta ƙara tsanani, ta fashe, ta saki zafi. Wannan na cikin hanyoyin da masana ke bincike don bayyana zafin rawanin.

4. Kalmomi

Don fassara onde mun ɗauki "taguwa", daga taguwar ruwa. Mun kauce wa "igiya" domin kada a rikita ta da "zaren maganaɗisu" (ligne de champ): zare shi ne hanya, taguwa ita ce matafiyi. A gargaɗi ƴan makaranta kada su kalli rana kai tsaye, ko da hazo ya dusashe ta.