Anis Mai Tauraro: Amfaninsa Da Abin Lura

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu yi bayanin wani kayan yaji da ake gani a rumfunan masu sayar da kanumfari da kirfa a manyan kasuwanni. Busasshen ɗan itace ne mai launin ƙasa-ƙasa, siffarsa kamar tauraro, yawanci da tsini 8, kowane tsini da ƙwaya ɗaya a ciki. Sunansa anis mai tauraro. Sinawa suna ce masa "bajiyao", wato mai ƙaho takwas.

Itacen yana fitowa a kudancin ƙasar Sin da arewacin Biyetnam, a kan tuddai masu yawan ruwan sama. Yakan yi kamar shekara 6 kafin ya fara 'ya'ya. Ana tsinke su tun ba su gama nuna ba, a shanya a rana. Kada wata ƙungiya ta ɓata kuɗi wajen neman irinsa, gama ba ya jure dogon rani irin namu.

A Sin yana cikin haɗin yaji biyar, tare da kanumfari da kirfa, ana dafa nama mai kitse da shi. A Biyetnam ana sa shi a romon ƙashin sa da ake ci da taliyar shinkafa. Indiyawa kuma suna jefa shi a dafa-dukan shinkafa da nama. Ƙanshinsa yana da ƙarfi ƙwarai. Guda ɗaya ko biyu sun isa tukunyar iyali. A sa shi tun farko, a tsame kafin a raba abinci.

Game da lafiya, mutanen can sun daɗe suna shan ruwansa bayan abinci domin kumburin ciki. Akwai kuma wani sinadari a cikinsa, shikimik, wanda kamfanin Roche ya yi amfani da shi wajen harhaɗa Tamiflu, maganin mura mai tsanani. Da murar tsuntsaye ta tsorata duniya a 2005, an yi ta rububin anis har ya yi wuya. To, daga nan ne wasu suka ɗauka cewa shayinsa yana warkar da mura. Ba haka ba ne. Sai sinadarin ya bi matakai masu yawa a masana'anta kafin ya zama magani, abin da tukunya ba za ta iya yi ba.

Ga abin da ya fi damunmu. Akwai wani ɗan'uwansa na ƙasar Japan, mai guba ne, ba a cinsa. In sun bushe, da ƙyar ido yake rarrabe su, balle in an niƙa, kuma akan sami buhun da suka gauraya. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su sha shayin anis, bayan da kimanin mutum 40 suka kamu da ciwo, wajen 15 daga cikinsu jarirai. Wasu sun yi ta amai, wasu har da jijjiga. Yawancin iyayen ciwon cikin jariri suke so su magance.

Saboda haka muna roƙon mata, kada a ba jariri ruwansa ko da cokali ɗaya. In ciki ya dami yaro, a kai shi asibiti. Mai sayen na girki kuma ya sayi cikakke, kada ya sayi gari, ya ajiye shi a kwalba mai murfi nesa da rana.