Daga Wata 24 Zuwa 36: Yadda Bashin Waya Ya Gaji Kwantiragi a Amurka

A watan Maris na 2013, shugaban kamfanin sadarwa na T-Mobile a Amurka, John Legere, ya tara 'yan jarida a birnin New York ya shelanta cewa kamfaninsa ya daina ɗaure masu layi da kwantiragin shekara biyu. A lokacin kamfanin nasa ne na huɗu a girma, yana bayan Verizon da AT&T da Sprint, kuma masu layi na ta sulalewa suna barinsa. Ba a cika shekara uku ba sai da manyan suka bi sahunsa. Verizon ya daina ba sababbin masu layi kwantiragi a Agustan 2015, AT&T ya rufe nasa babin a Janairun 2016. Abin da ya maye gurbinsa shi ne sayar da waya bashi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata tare da kuɗin layi.

Tsohon tsarin yana da daɗin ji a kunne. Mutum ya shiga shagon kamfani ya ajiye dala 199, a miƙa masa sabuwar iPhone a kwalinta, ya sa hannu cewa zai zauna da layin har wata 24. Ainihin farashin wayar, a ce iPhone 5 ta 2012, dala 649 ne. Ragowar dala 450 kamfanin ne ke biyan Apple, ya kira shi tallafi. Amma ba sadaka yake yi ba. An cusa kuɗin a cikin kuɗin layi na wata-wata, kusan dala 19 a kowane wata idan aka raba, kuma babu layi ko ɗaya a takardar biya da ke nuna hakan. Wanda ya so ficewa kafin wa'adi sai ya biya tara: dala 325 a AT&T, dala 350 a Verizon, tana raguwa da tafiyar watanni.

Babban aibin tsarin yana bayyana ne a wata na 25. An gama biyan wayar a fakaice, amma kuɗin layi bai ragu ko da sisi ba. Mai tattali da ya ce wayarsa na nan garau, bari ya ci gaba da lallaɓa ta, shi ne ya fi kowa asara, don yana ci gaba da biyan kuɗin wayar da ta riga ta zama tasa. Wanda ya zo da wayarsa daga waje ma haka. Saboda haka duk mai wayo ya koyi darasi ɗaya: da zarar shekara biyu ta cika, a garzaya a karɓi sabuwa ko da ta hannu ba ta yi komai ba. Apple da Samsung sun sha romon wannan al'ada shekara da shekaru.

Kamfanonin layi kuwa tura ta fara kai su bango. Duk shekarar da sabuwar iPhone ta fito, miliyoyin mutane su yi tururuwa, kamfani ya fitar da ɗaruruwan daloli a kan kowane mutum nan take, sannan ya zauna jiran kuɗin su dawo a hankali. Ribar wannan zangon sai ta yi ƙasa, masu hannun jari su yi ta guna-guni. Ga shi kasuwar ta cika, kusan kowane baligi a ƙasar yana da layi, ba sauran sababbin mutane da za a jawo da araha. T-Mobile ya samu ƙarfin tayar da ƙura ne daga wani ciniki da ya wargaje: a 2011 AT&T ya nemi saye shi a kan dala biliyan 39, hukumomin Amurka suka ƙi, dole AT&T ya biya diyyar dala biliyan 3 tsaba haɗe da wani kaso na zangon sadarwa.

Sabon tsarin ya raba abu biyu da aka daɗe da cakuɗawa. Kuɗin layi daban, kuɗin waya daban. Da iPhone 5 ta iso T-Mobile a Afrilun 2013, mai saye na ajiye kimanin dala 100 kafin alƙalami, sannan dala 20 duk wata har wata 24, ba kuɗin ruwa. Ranar da ya gama biya, wannan dala 20 ta fita daga takardarsa. A bazarar wannan shekara AT&T ya fito da shirin Next, Verizon ya fito da Edge, T-Mobile ya ƙara da Jump don masu son canza waya kafin su gama biya. A 2015 Apple da kansa ya shigo da nasa shirin, ana biya wata-wata ana musanya waya duk shekara.

Tun a makonnin farko wani ya hango inda gizo ke saƙa. Babban lauyan jihar Washington na lokacin, Bob Ferguson, ya tuhumi T-Mobile da yaudara a tallarsa ta cewa babu kwantiragi, tunda duk wanda ya bar layin sai an ce ya biya ragowar kuɗin wayar gaba ɗaya a take. Kamfanin ya amince ya gyara tallar. Mutane ƙalilan ne suka damu da maganar a lokacin, amma ita ce ta zama ƙashin bayan kasuwar daga baya.

Amfanin farko dai na gaske ne, bai kamata a raina shi ba. A karon farko Ba'amurke ya ga farashin wayarsa a rubuce. Ganin haka ya canza masa hali. Da ya gane cewa riƙe tsohuwar waya na rage masa kuɗin wata, sai ya daina gaggawa. Shekara biyun da aka saba ta zama uku, wasu har huɗu. A Janairun 2019, a wasiƙar da shugaban Apple na lokacin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jarin kamfanin yana bayanin dalilin da cinikin iPhone ya gaza abin da aka yi hasashe, ya ambaci raguwar tallafin kamfanonin layi a cikin dalilan, tare da arahar canza batir da Apple ya yi a 2018, lokacin da ya mai da shi dala 29. Wayoyin ma sun daina bambanta sosai daga shekara zuwa shekara, don haka ba tsarin biya kaɗai ya jawo jinkirin ba, amma shi ya cire hukuncin da ake yi wa mai haƙuri.

Sai dai biyan wata-wata yana da nasa siddabarun. A zamanin kwantiragi, dala 199 ta zama kamar katanga: kamfanonin layi ba sa son tallafin ya wuce kima, don haka masu ƙera waya ba su cika ɗaga farashi ba. Da nauyin ya koma kan mai saye, katangar ta faɗi. A 2017 iPhone X ta fito a kan dala 999. Tsakaninta da wayar dala 649 akwai dala 350, kuɗin da zai sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Amma idan aka raba shi gida 24, bai kai dala 15 a wata ba, kuma da wannan adadin mai shago ke magana. Daga nan wayar dala dubu ta daina ba kowa mamaki.

Bashin kansa ya zama haja. A 2016 Verizon ya tattara basussukan wayoyin da masu layinsa ke biya ya sayar wa masu zuba jari a matsayin takardun lamuni na sama da dala biliyan ɗaya, ya karɓi kuɗinsa tun kafin masu wayoyin su gama biya. Ya ci gaba da yin haka a shekarun da suka biyo baya.

Inda labarin ya juya shi ne dawowar tallafi ta bayan gida. Da gasa ta yi zafi, musamman bayan T-Mobile ya haɗiye Sprint a 2020 aka koma manya uku suna rige-rigen cika layukan 5G, sai tallar waya kyauta ta cika talabijin. Ga yadda kyautar take. Kamfani ya rubuta wa mutum bashin cikakken farashin wayar, ya raba shi wata-wata, sannan a kowane wata ya yafe masa kason wannan watan, muddin yana nan a kan layin. A 2021 AT&T ya mai da wa'adin biya wata 36, Verizon ya yi haka a 2022. T-Mobile ya daɗe a kan wata 24.

A ɗauki wayar dala 900 a misali. A wata 36, kason kowane wata dala 25 ne, ana rubutawa ana gogewa. Idan mai ita ya ga wani kamfani ya fi araha bayan shekara ɗaya ya ce zai tafi, yafiyar ta tsaya nan take, sai ya biya dala 600 da ta rage. A tsohon tsarin AT&T, inda tarar ke raguwa da dala 10 duk wata, mai fita bayan shekara ɗaya dala 205 zai biya. Bayan shekara biyu cif, mai tsohon kwantiragi ya zama ɗa, ya tafi inda ya ga dama. Mai wayar kyauta ta yau kuwa da sauran dala 300 a wuyansa da shekara guda a gabansa. An soke kalmar tara, amma kuɗin fita ya ninka.

Kuma sharuɗɗan ba su tsaya nan ba. Galibi sai mutum ya miƙa tsohuwar wayarsa, sai ya hau tsarin layi mai tsada, sai ya biya harajin sayayya na cikakken farashin a ranar farko a jihohin da ke karɓa, ga kuɗin buɗe layi, ga binciken tarihin bashinsa kafin a yarda da shi. Bambancin dala 15 a wata tsakanin tsarin layi mai tsada da mai sauƙi ya kai dala 540 a shekara uku, fiye da rabin kuɗin wayar da aka ce kyauta ce. AT&T da T-Mobile kuma ba sa buɗe waya ta karɓi layin wani kamfani sai an gama biya. Ga iyali mai layi huɗu da kowa ya karɓi wayarsa a wata daban, ranar da dukkansu za su kuɓuta a lokaci guda ba ta cika zuwa ba, kuma kamfanonin sun san da haka sarai.

Wannan bai sa tsarin ya zama cuta ga kowa ba. Mutumin da ya shekara goma da kamfani ɗaya, ba shi da niyyar motsawa, kuma dama yana kan tsari mai tsada, rangwamen riba ce a gare shi tsantsa. Bashi marar ruwa na shekara uku a lokacin hauhawar farashi ba abin yarwa ba ne. Wanda ya fi shan wahala shi ne mai son sabuwar waya duk shekara, don kullum yana cikin biya kuma bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, sai kuma mai ƙaramin ƙarfi da tallar ta ja shi zuwa tsarin da ya fi aljihunsa. Akwai hanya ta uku da tallace-tallacen ba sa ambata: a sayi waya buɗaɗɗiya kai tsaye daga mai ƙera ta, a ɗora mata layin ƙananan kamfanoni irin su Mint Mobile ko Visible ko Cricket, waɗanda ke hawa kan turakun manyan. Abin dariyar shi ne, ukun nan duka mallakar manyan ne yanzu.

A Birtaniya hukuma ce ta sa baki. Can tsohon tsarin haɗa waya da layi ya daɗe, har ƙungiyar Citizens Advice ta ƙiyasta a 2018 cewa kimanin mutum miliyan huɗu sun ci gaba da biyan kuɗin wayoyin da suka riga suka gama biya. Kamfanin O2 ya raba biyun tun 2013. Hukumar Ofcom ta tilasta wa kamfanoni su riƙa sanar da mutum idan kwantiraginsa ya ƙare daga 2020, sannan ta haramta sayar da waya a kulle daga Disambar 2021. Kanada ma ta hana kulle waya tun 2017. Wannan ya nuna kullewar ba dole ba ce ga cinikin, zaɓi ne da doka ke iya hanawa.

Masu ƙera waya sun karanta alƙiblar. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alƙawarin shekara bakwai suna sabunta manhajar manyan wayoyinsu, abin da a zamanin kwantiragin shekara biyu babu wanda zai ɓata lokaci ya nema.

Tsofaffin wayoyin da ake karɓa a musaya ba sa zama a Amurka duka. Ana tantance su a rarraba daraja, a yi gwanjonsu ga dillalai, da yawa su bi ta Dubai da Hong Kong su sauka a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Farm Centre ta Kano. Don haka tsawon wa'adin biya a can yana shafar shekarun wayar da ke isowa nan da lafiyar batirinta. Wayar da aka fito da ita ba a gama biyan bashinta ba kan iso a kulle, ta ƙi karɓar MTN ko Airtel, shi ya sa mai saye da ya san kan abin ba ya ba da kuɗi sai ya sa layinsa ya ga ta kama. Tun daga iPhone 14 ta 2022, wayoyin iPhone da aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sa katin layi ma sam.

A Najeriya, inda kusan kowa kati yake sawa ya yi kira, kwantiragin shekara biyu bai taɓa kafuwa ba, amma sayen waya bashi ya shigo da ƙarfinsa ta hannun kamfanoni irin su EasyBuy da M-KOPA, kamar yadda Safaricom ya fara a Kenya a 2020 da biyan shilin 20 a rana. A nan ba kamfanin layi ke ɓoye tallafi ba, mai ba da bashi ne ke neman ribarsa, don haka jimillar abin da za a biya ta fi farashin kuɗi hannu. Jinginar kuma wayar ce da kanta: akwai manhaja a cikinta da ke rufe allon idan ranar biya ta wuce, ba ta buɗewa sai kuɗi ya shiga.