Makonnin Farko a Ofishin Shugaban Ƙaramar Sakandare

Ranar da aka miƙa wa malami takardar naɗi a matsayin shugaban ƙaramar sakandare a Babban Birnin Tarayya, abin da ya gada ya wuce kujera da makullan ofis. Ya gaji yara masu shekara 12 zuwa 15, da malaman da wasunsu sun girme shi a aiki, da iyayen da ke jiran su ga kamun ludayinsa. Ko a Karu aka tura shi, ko Kubwa, ko wani ƙauye a Kwali ko Abaji, tambayar ɗaya ce: da me zai fara?

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta shata masa iyaka. Ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ke nan makarantarsa ce zangon ƙarshe na wannan alkawari, kuma yaron da ya sulale a nan da wuya ya sake komawa aji. Shi ya sa aikin farko shi ne ƙidaya. Ya ɗauki rajista ya shiga aji-aji, ya gwada sunayen da ke takarda da fuskokin da ke kan benci. Idan yarinya ta yi mako 2 ba a gan ta ba, a san dalili tun kafin talla ko aikatau su ɗauke ta gaba ɗaya.

Bayan ɗalibai sai malamai. Jadawalin darussa yakan yi kyau a jikin bango, amma sai an zauna da mataimakin shugaba mai kula da karatu ake gane wane darasi ne ba shi da mai koyarwa, wane malami ne aka jibga wa azuzuwan da suka fi ƙarfinsa. Sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 ta ƙara wa wannan zama nauyi, domin ta rage yawan darussa, ta kuma kawo sana'o'i irin su haɗa na'urar hasken rana, ɗinki, kiwo da gyaran waya. Shugaban da ya zaɓi sana'ar da ba shi da malaminta ko kayan aikinta, ya rubuta suna ne kawai a takarda.

Na uku shi ne karatun kansa. Ba duk wanda ya gama aji 6 na firamare ne ya iya karanta shafi guda ya fahimta ba. Gwaji mai sauƙi a makonnin farko na aji 1 zai nuna waɗanda ke buƙatar ƙarin darasi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya jira sai aji 3, lokacin da jarrabawar BECE ta ƙarato, ya makara.

Akwai kuma jama'ar da ke wajen katanga. Kwamitin kula da makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai, mai unguwa, limami da fasto, su ne za su tsaya masa ranar da iska ta yaye rufi ko wani ya fara cin filin makaranta. Ziyarar gaisuwa a watan farko ta fi takardar neman taimako a wata na 6. Haka ma batun kuɗi: duk abin da ya shigo a rubuta shi, a karanta shi a gaban taro, domin zargi kan kuɗin iyaye ya sha kayar da shugabanni masu kyakkyawar niyya.

Ga ma'aikatan da ke sakatariya da hukumomin ilimi, wannan labari ya shafe su kai tsaye. Fayil ɗin neman malamin lissafi da ya kwana wata 3 a kan tebur, a can makaranta zango guda ne ba darasi. Sabon shugaba zai iya ƙirga yara, ya gyara jadawali, ya shawo kan iyaye, amma tura malami da gina makewayi suna hannun wanda ke sa hannu a takarda.