Idan Teburin Ƙwallo Ya Tashi Daga Bakin Titi

 Yau za mu bar birni mu nufi kudancin Jihar Kano, mu sauka a Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya. Maganar wasa ce ta kai mu, wasan ƙwallon tebur da ɗan'uwansa badminton, da kuma abin da ke faruwa ranar da aka ce wa masu yin su su tattara su koma wani wuri.

Duk wanda ya san garuruwanmu ya san teburin da nake nufi. Kafinta ne ya haɗa shi da falanki biyu, aka shafa koren fenti, aka ja farin layi a gefe. Ƙafa ɗaya ta gaza, an tokare ta da dutse. Ragar tsakiya ta daɗe da yagewa, wani lokaci ma katako aka gitta a madadinta. Bat biyu ne kacal, robar ɗaya ta ɓare tana reto. Da an sallame la'asar sai yara su yi layi, kowa da kuɗin gem a hannu. Wanda aka cinye ya miƙa bat ya koma gefe, mai bi ya shigo. Idan wani ya taka ƙwallon ta loɓa, ba a yar da ita. A ruga wurin mai shayi a roƙi ruwan zafi a tsoma ta, iskar da ke cikinta ta buɗe, ta dawo daidai, wasa ya ci gaba.

Wannan teburi ba shi da gida. Yau yana ƙofar shagon wani, gobe ƙarƙashin darbejiya, jibi a kangon filin da mai shi bai samu halin ginawa ba. Ranar da tifa ta juye yashi a wurin, ko aka fara jera bulo, an gama magana. Yara su ɗauki teburinsu a ka, su shiga neman inda za a bar su.

Ko ba a kore su ba, yanayi ma kora ne. Ƙwallon tebur nauyinta giram 2.7 ne kawai, faɗinta milimita 40. Ta badminton kuwa, wadda ake yi da gashin tsuntsu 16, nauyinta wajen giram 5 ne. Abu mai wannan rashin nauyi ba ya jayayya da iskar hunturu. Ka buga dama ta tafi hagu, ta faɗa kwata ko ta gangara ƙarƙashin babur. Da damina kuma ruwa ya jiƙa falanki ya kumbura, fuskar teburi ta lanƙwashe, ƙwallo ta riƙa tsalle yadda ta ga dama. Yaron da ya koyi wasa a haka, hannunsa ya saba da gyara kuskuren teburi, ranar da ya tsaya gaban na gaske sai ya koma ɗan koyo. Saboda haka neman rufi da bango huɗu haƙƙi ne na waɗannan wasanni, kuma duk ƙungiyar matasan da ta tashi neman mazauni na dindindin ta yi tunani mai kyau.

To amma a ina? Nan ne nake so mu ɗan tsaya, don nan ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Abin da aka saba shi ne, idan matasa suka kai kuka, sai a nuna musu fili a bayan gari, inda ƙasa ke da araha kuma babu mai jayayya. A yi gini, a yi taro, a yanka zare, a ɗauki hoto. Manya masu babura su je na ɗan lokaci. Amma ƙashin bayan wasan shi ne yaro ɗan shekara goma da ya taso daga islamiyya, yana da ɗan lokaci kafin magariba, babu ko sisi na mota a aljihunsa. Teburin bakin titi, duk da lalacewarsa, yana kan hanyar wannan yaro. Ya gani, ya tsaya kallo, wata rana wani ya miƙa masa bat. Idan ka mayar da wasan inda sai an yi tattaki mai nisa, ka yanke wannan hanya. Uwa ba za ta bar ɗanta ya dawo daga bayan gari da duhu ba, kuma tana da gaskiya. A ganina, ɗaki ɗaya mai rufin kwano a tsakiyar unguwa ya fi katafaren zaure da ba a isa gare shi sai da abin hawa.

Kuma ku tuna, Rano ba cikin gari kaɗai ba ce. Akwai Rurum, akwai Saji, akwai Lausu. Kibiya tana da Tarai, tana da Durba, tana da Kahu. Ginin da aka kafa a hedikwatar ƙaramar hukuma ba zai wadatar da yaran waɗannan wurare ba. Kuɗin da zai gina babban zaure ɗaya, idan aka raba shi, zai gyara azuzuwa da dama a makarantun da suke tsaye tun tuni.

Arewa tana da darasi a kan wannan. Wasan Fives, wanda ake buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wani malami Bature mai suna Hogben ne ya shigo da shi makarantun Katsina da Birnin Kebbi a shekarun 1920. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya shahara da son sa. Abin lura shi ne yadda mutanenmu suka karɓe shi da abin da ke hannunsu: aka yi bangon da ginin ƙasa, aka koma amfani da ƙwallon tanis domin ƙwallon Turawa mai tauri tana cin bangon. Wasan ya zauna inda ɗalibai suke, shi ya sa har yau ake buga shi.

Ita kanta buƙatar ƙwallon tebur da badminton ba ta da yawa. Teburin ƙa'ida tsawonsa mita 2.74 ne, faɗinsa mita 1.525, tsayinsa daga ƙasa santimita 76. Aji ɗaya na makaranta zai ɗauke shi har da wurin ja da baya. Badminton ce mai son sarari: fili mai tsawon mita 13.4 da faɗin mita 6.1, ga rufi mai tsayi sosai domin ƙwallon sama take tafiya. Zauren taro na sakandare zai iya yi. Sai daɓen siminti mai laushi amma ba mai santsi ba, tagogin da za a iya rufewa idan iska ta taso, da fitilar sola da aka rataye a sama yadda ba za ta kashe ido ba.

Abin da aka fi mantawa da shi kuwa takarda ce. Kada matasa su kwashe kayansu a kan alkawarin baki. Shugaban makaranta ana yi masa canjin wurin aiki, kansila wa'adinsa yana ƙarewa, mai fili yana rasuwa magada su zo da nasu lissafi. A rubuta yarjejeniya, a faɗi ranaku da lokuta, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma. Kuma kada a saki tsohon wuri sai an ga mukullin sabo.

Ba zan ɓoye wata gaskiya ba: iyaye da yawa suna ƙyamar teburin bakin titi, domin a wasu wurare ya zama matattarar caca da zaman kashe wando. Komawa sabon wuri dama ce ta wanke wannan suna. A samu dattijo ko malamin wasanni mai kula, a hana sa kuɗi a kan gem, a tsaya idan an kira salla. Sannan a ware lokaci na 'yan mata, da malama mai kula da su, domin a bakin titi ba su taɓa samun shiga layi ba. Kuɗin shiga kuma kada ya wuce abin da yaro ya saba biya.

Wani zai ce duk wannan a kan ƙwallon roba? To, Aruna Quadri, ɗan garin Oyo, da wannan ƙwallon ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Mariam Eniola Bolaji ta ciyo wa Nijeriya lambar tagulla a badminton a gasar nakasassu ta Faris a 2024. Kano ma ba baƙuwa ba ce a wasannin raket, ga gasar tanis ta Dala da aka daɗe ana yi a birni. Yaran Rano da Kibiya hannu biyu gare su kamar kowa.

Kira nake yi ga shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da masarauta, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar yankin da Allah Ya hore wa: kafin ku nuna wa matasa fili, ku taka da ƙafarku daga unguwarsu zuwa wurin, da yamma, ku ga ko ƙaramin yaro zai iya zuwa ya dawo kafin magariba. Idan ba zai iya ba, a nemi wani wurin.