Kumburin Yaro: Sa'ad da Ciwon Hanta Ya Sauka a Ƙoda

Akwai abin da yawancinmu iyaye muka taɓa gani, ko a gidanmu ko a gidan maƙwabta. Yaro ya kwanta lafiya, gari na wayewa sai ga idanunsa a kumbure kamar wanda ya kwana kuka. Kafin rana ta take kumburin ya saɓe, sai mu ce barci ne. Bayan mako biyu takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa. Sa'an nan ciki ya tasa, wando ya matse shi, ya daina guje-guje da 'yan'uwansa. Kaka ta ce ƙiba ce, wani ya ce sanyi ne, wani kuwa ya ce hannun mutane ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa da dama suna kawo kumburi, kamar rashin abinci mai gina jiki, da ciwon zuciya, da ciwon ƙoda iri iri. A wannan wata muna so mu dubi guda ɗaya wanda ba kowa ya san shi ba, watau ciwon ƙoda wanda ƙwayar ciwon hanta nau'in B take jawowa. Ya cancanci mu san shi, gama yana da magani, amma in aka yi kuskuren magani yakan ƙara muni.

Aikin ƙoda

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, can baya a ƙarƙashin haƙarƙari. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan 1, ido ba ya ganinsu. Dare da rana jini yana bi ta cikinsu. A yini guda ƙodar babban mutum tana tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, ta mai da kusan dukansa, ta zubar da lita ɗaya da rabi ko biyu. Shi ne fitsari.

Ku tuna da rariyar da ake tankaɗen gari. Muddin tana da kyau, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Haka matatan ƙoda suke: datti da ruwa su wuce, amma furotin, watau sinadarin da ke gina jiki yana kuma riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, ya tsaya. In rariyar ta huje, furotin sai ya riƙa tsiyayewa cikin fitsari. Shi ya sa fitsarin yake kumfa kamar an zuba masa sabulu. Da furotin ya ragu a jini, ruwa sai ya fita daga jijiyoyi ya taru a fuska, da ƙafafu, da ciki.

Ina ruwan ciwon hanta da ƙoda?

Wani likita ɗan Amurka mai suna Baruch Blumberg shi ne ya fara gano alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B a cikin jini, har aka ba shi kyautar Nobel a 1976. A 1971 kuwa likitoci suka fara ba da labarin mara lafiya wanda wannan ƙwaya ta taɓa masa ƙoda.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwayar tana zama a hanta, tana haihuwa, tana zuba ɓarɓashinta cikin jini. Garkuwar jiki takan aiko da nata mayaƙa su kama ɓarɓashin. To, su biyun in suka manne da juna, sai su maƙale a bangon matatan ƙoda. Bangon ya yi kauri, ya lalace, ya fara yoyo. Ashe wutar tana hanta, amma hayaƙin a ƙoda yake fita.

Abin da yakan ruɗe mu shi ne, sau da yawa yaron ba ya nuna alamar ciwon hanta ko kaɗan. Idonsa bai yi rawaya ba, ba a taɓa cewa yana da shawara ba. Sai gwajin jini kaɗai zai tona asirin.

Ba kowane mai ɗauke da ƙwayar yake samun ciwon ƙoda ba, kaɗan ne daga ciki. Amma masu ɗauke da ita suna da yawa ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 a duniya a 2022, miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. Binciken da aka yi ko'ina a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna da ita. Yawancinsu ba su sani ba.

Ciwon ya fi kama yara ƙanana, maza kuma sun fi mata yawa nesa. Yara da yawa sukan warke sa'ad da jikinsu ya rinjayi ƙwayar, ko da yake hakan yakan ɗauki watanni ko shekaru. Ga manya abin ya fi tsanani. Wani bincike da aka buga a 1991 a kan manya masu wannan ciwo a Hong Kong ya nuna kusan 3 cikin 10 ƙodarsu ta yi ta lalacewa, waɗansu har sai da aka sa su a injin wankin ƙoda.

In mun je asibiti

Likita zai auna furotin a fitsari, ya auna hawan jini, ya ɗebi jini ya ga ƙarfin ƙoda da na hanta. Lalle ne kuma a gwada jinin a ga ko akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B. In ba a ambaci wannan gwaji ba, ba rashin kunya ba ne uba ko uwa su tambaya. A manyan asibitoci akan tsakuro ɗan naman ƙoda da allura a duba shi, domin a tabbatar da irin ciwon.

Me ya sa muka nace a kan gwajin nan? Domin yawancin yara masu kumburin ƙoda akan ba su wani magani mai suna firednisolon, yana kuwa yi musu aiki sosai. Amma maganin nan yana kwantar da garkuwar jiki. In yaron yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, sai ta sami sake ta yi ta haihuwa, hanta ta ji rauni, ƙodar kuma sau da yawa ba ta amfana ba. Firednisolon yana nan birjik a shagunan magani. Kada mu kuskura mu saya wa mai kumburi shi don mun ga ya warkar da ɗan maƙwabci.

Maganin gaskiya

Tun da yake ƙwayar ita ce tushen ciwon, ita ake yi wa magani. Akwai magunguna biyu da likitoci suka fi dogara gare su, entekabir da tenofobir. Ana sha sau ɗaya a yini. Ba su kashe ƙwayar ƙurmus, amma suna hana ta haihuwa. Da ta ragu a jini, ɓarɓashin da ke toshe matatai ya ragu, ga mutane da yawa yoyon furotin ya tsaya, kumburi ya saɓe.

Likita ne zai zaɓi wanda ya dace da kuma yawansa, gwargwadon shekarun mara lafiya da ƙarfin ƙodarsa, gama wani irin tenofobir shi kansa yana iya gajiyar da ƙoda. Akan kuma yi gwajin ƙanjamau kafin a fara, domin mai ciwo biyun haɗin maganinsa dabam ne. Abu ɗaya tilas mu riƙe: ba a barin maganin nan don an ji sauƙi. Wanda ya bari da kansa, ƙwayar tana iya tasowa da ƙarfi ta kā da hanta. Ana shan sa shekaru, waɗansu har iyakar ransu, saboda haka ya kamata dangi su zauna tun da fari su shirya yadda kuɗinsa ba zai yanke ba.

Ban da wannan, akan ba da maganin sa fitsari domin rage ruwa, da maganin hawan jini irin wanda ke rage yoyon furotin. Namu aikin a gida shi ne rage gishiri da dunƙulen miya a abincin mara lafiya. Mu nisanta shi da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Babba kuwa ya rabu da giya sam. In fitsari ya ragu ƙwarai, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya zo da ciwon ciki, a koma asibiti a ranar.

Tare hanya tun daga ƙofa

Jariri da ya kamu da ƙwayar, 9 cikin 10 takan zauna masa har girma. Babba in ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore ta. Saboda haka a ƙuruciya ne ake cin yaƙin nan ko a faɗi. Ƙwayar tana bin jini: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, daga yaro zuwa yaro ta ƙuraje da raunuka, da kuma aska ko reza ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aski, ko kaciya, ko tsaga, ko ƙaho, ko cire beli. Tana iya rayuwa kwana 7 a busasshen jini. Manya kuma sukan ɗauka ta wurin jima'i.

Allurar rigakafi tana hana ta. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, Afirka ta Kudu a 1995. A ƙasashen nan biyu likitocin yara sun ga wannan ciwon ƙoda ya ragu ƙwarai bayan haka. Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004. Ta fari ana yinta cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuwa a mako na 6, da na 10, da na 14. Ta farin nan ce muka fi sakaci da ita, musamman in an haihu a gida ana jiran ranar suna. Kada a jira. Uba ko ungozoma su kai jariri asibiti ran da aka haife shi. Kowace mai ciki kuma ta nemi a gwada ta, gama akwai maganin da ake ba uwa domin kāre ɗanta.

In an sami mutum ɗaya da ƙwayar a gida, a gwada sauran, a yi wa marasa ita allura. Amma kada a ware masa kwano ko tabarma. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko gaisuwa, ko tari. Yaro mai ciwon nan yana bukatar abokan wasansa, in ya sami ƙarfi kuma ya koma makaranta.

Yau da dare, bari kowannenmu ya ɗauko katin rigakafin 'ya'yansa ya duba ko allurar ta cika. Gobe da safe kuwa, in mun tashe su, mu dubi idanunsu da kyau.